Ƙafa Ashirin da Huɗu

Da hantsin Talata sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ya kawo aikin, a gurguje kamar yadda ya saba, motarsa a kunne a bakin titi. Ɗan littafi ne mai shafi takwas na tunawa da Ƙamus, kwafi ɗari uku, ana so kafin Asabar, ranar da za a taru a babban ɗakin taro na kwalejin. Ya zube takardun a kan teburin yankan takarda, ya ɗora hoton marigayin a kai.

"Kwalekwale, amininka ne, ba sai na ce ka yi da kyau ba. Iyalinsa ne suka rubuta tarihin. Ka kai wa matarsa ta duba kafin ka buga."

Mutumin da ake kira Kwalekwale shekararsa hamsin da takwas. Yana da furfura, da jikoki biyu, da gidan buga takardu nasa na kansa, amma duk wannan bai dami 'yan ajinsu ba. Tun shekararsu ta farko a kwaleji, da wani ya ga takalmansa a ƙofar ɗaki ya tambaya ko da su ake ƙetare kogi, sunan ya manne masa. Haka tsofaffin ɗalibai suke. Sai ka tsufa ka yi tumbi, su kuwa yaron nan da suka sani kawai suke gani.

A tsaye ya karanta, kusa da injin da ke ta aman katin ɗaurin auren wasu. Shafi na ɗaya haihuwa, na biyu makaranta, na uku kyaututtukan karatu. A shafi na biyar ya ci karo da abin da yake tsoro:

"A gasar kwalejoji ta ƙarshe ya yi garajen tashi kafin sanda ta iso shi, ƙungiyarsa ta rasa kofi, kuma bai daina nadamar wannan kuskure ba har ya koma ga Mahaliccinsa."

Ya kashe injin, ya jawo kujera ya zauna. Wannan jimlar ƙarya ce, shi kaɗai ne a duniya ya san ƙarya ce, ga shi kuma an kawo masa ya buga ta sau ɗari uku da hannunsa.

Ƙamus ɗan mai gyaran agogo ne. Ya zo kwaleji da akwatin ƙarfe guda, rabinsa littattafai, aka haɗa su ɗaki ɗaya da Kwalekwale. Gajere ne, siriri, ƙafarsa ƙarama har ana zolayarsa wai a layin yara yake sayen takalmi. Cikin wata biyu 'yan ajin suka rage zuwa laburare, don ya fi sauƙi a ƙwanƙwasa masa ƙofa a tambaye shi. Daga nan sunan ya samo asali. Ba waliyyi ba ne, kada a yi masa ƙarya don ya mutu. Yana da gyara wa mutane magana a tsakiyar hira, yana da taurin kai, in kuwa ya fara waƙa a banɗaki sai a yi ta roƙonsa ya ji tausayin jama'a. Amma a lissafi babu mai taka masa birki, malamai ma lallaɓa shi suke yi.

Ba wanda ya zaci yana gudu. Wata rana iska ta kwashe masa takardu a bakin filin wasa, ya bi su, malamin wasanni yana kallo. Usur ake ce wa malamin, don ba a taɓa ganin bakinsa babu usur ba sai in zai yi faɗa. Washegari ya sa an kamo masa Ƙamus daga aji. Kafin shekara ta zagayo babu mai wuce shi a gudun mita ɗari a duk kwalejojin yankin, kuma shi ne na ƙarshe a gudun miƙa sanda. Kwalekwale ne na uku, mai miƙa masa.

Wanda bai taɓa yin wannan gudu ba yana zaton ƙafa ce kawai. Alhali mai karɓar sanda ba ya tsayawa jira, ba ya kuma waiwaye in ya tashi. Yana da alama ta alli da yake jawa a ƙasa can bayansa. Da zarar mai kawo sanda ya taka alamar, sai shi kuma ya zabura da iyakar ƙarfinsa, hannu a baya, su haɗu a guje. Dole sandar ta shiga hannunsa kafin wani farin layi, in ta wuce layin ko da taku ɗaya ne an soke ƙungiya. Ita kuwa alamar, kowa da tafin ƙafarsa yake auna ta, dunduniya manne da yatsa. Ta Ƙamus ƙafa ashirin da huɗu ce. Wata shida suka yi suna gwadawa kafin su tsaya a kan wannan.

A shekararsu ta ƙarshe aka haɗa ranar gasar da ranar wata babbar jarrabawar lissafi. Jarrabawa za ta ƙare uku da rabi, gudu ƙarfe huɗu. Da safe Ƙamus yana ɗaura igiyar takalmi ya ce:

"Ba zan samu lokacin awo ba. Ga tsohon takalmina nan a ƙarƙashin gado, ka tafi da shi. Da shi za ka auna fa, ba da waɗannan jiragen naka ba. Ashirin da huɗu."

"Na ji, malam. Je ka ci jarrabawarka."

Ya mance takalmin. Sai da ya tsaya a filin, alli a hannu, jama'a sun cika maƙil, ana ta kiran sunayen kwalejoji a lasifika, sannan ya tuna. Ɗakin kwana yana can ƙarshen makaranta, Usur kuma yana ta hura masa usur ya je wurin tsayuwarsa. Ya ce a ransa ai ƙafa ƙafa ce. Ya jera nasa, ɗaya, biyu, har ashirin da huɗu, ya ja alli. Da ya tsaya ya yi tunani na minti ɗaya da ya rage huɗu ko biyar, amma shi ba Ƙamus ba ne. Alamar ta yi nisa da kusan taku biyu.

Saura minti biyar Ƙamus ya iso a guje, yana cire riga, tawada a yatsunsa. Ya kalli allin, ya kalli abokinsa.

"Da takalmina ka auna?"

"Eh."

Kalma ɗaya ce. Ko daƙiƙa ba ta ɗauka ba.

Kwalekwale ya shigo kwana yana gaban kowa. Ya taka alamar, Ƙamus ya zabura daidai yadda aka koya masa, sai ga bayansa yana ta yin nisa. Kwalekwale ya miƙa hannu har kafaɗarsa ta yi ƙara, ya yi ihu, bai san ma me ya ce ba. Sandar ta shiga hannun Ƙamus, amma taku ɗaya bayan farin layin. Ƙamus bai sani ba. Ya yi gudun da bai taɓa yin irinsa ba, ya tsinke zare da ƙirji, ya juyo yana dariya, sannan ya ga jar tutar soke ƙungiya a sama.

Usur bai jira an koma ɗaki ba. A nan gaban jama'a, gaban mutanen da suka zo zaɓen 'yan wasan ƙasa, ya tofar da usur ɗin.

"Littafi ya cinye maka kai. Ka tashi kafin ya taka alama, ina kallo."

Ba ya kallo, yana can wajen layin ƙarshe. Amma wa zai musa wa Usur?

"Na ga kamar ya taka, malam," in ji Ƙamus a hankali.

"Kamar. To ga kamar nan ta ci mana kofi."

Kwalekwale yana tsaye taku uku daga wurin, ya dafa gwiwoyi, wai yana mayar da numfashi. Numfashinsa ya daɗe da dawowa. Kafin a watse ƙafafun jama'a sun goge allin.

Jarrabawar kuwa Ƙamus ne ya zo na ɗaya. Ba wanda ya tuna da wannan sai malamin lissafi. Masu zaɓen 'yan wasa suka tafi da wasu. Ƙamus ya wanke takalman gudunsa, ya ba wani ɗan aji ɗaya, bai sake tsayawa a layin tsere ba. Da ya yi zargin wani da ya gano gaskiya cikin awa ɗaya, mutumin da ke warware lissafin da ya gagari malamai. Amma ya tambayi abokinsa, abokinsa ya ce eh, shi ke nan ya rufe wannan ƙofa. Sai ya koma kan kansa: kansa yana cike da jarrabawa, idonsa ya yaudare shi, ya yi garaje.

Kwalekwale ya yi niyyar faɗa. Allah ya sani ya yi niyya. Ya ce bari a huce tukuna. Aka huce, sai bikin yaye ɗalibai, ya ce ba zai ɓata wa mutum ranar farin cikinsa ba. Sai Ƙamus ya samu aikin koyarwa, sai aure, sai haihuwa. Magana kuwa in ta kwana ɗaya nauyinta daban, in ta shekara goma daban.

Shekara talatin da uku Ƙamus ya yi yana koyar da lissafi a makarantar sakandare ɗaya, a aji mai tagogi huɗu da allo mai tsagewa a tsakiya. An so ba shi shugabancin makarantar sau biyu, ya ce a ba wanda ya fi shi natsuwa, alhali shi mutum ne da ko shayi sai ya huce yake sha. Da koren biro yake duba aikin ɗalibai, wai ja yana tsorata yara. A ƙasa yake zuwa aiki, ya riga mai gadi isa. Ɗalibansa sun zama injiniyoyi da likitoci, wasu kuma direbobi da 'yan kasuwa, duk inda suka gan shi sai sun tsaya. Ranar wasannin makaranta shi ke riƙe agogo, ba ya kuskure ko na ƙiftawar ido. Amma in aka ce ya koya wa yara miƙa sanda sai ya ɗaga hannu.

"Ku nemi wani. Ni ban da haƙurin abin."

Kowane ƙarshen zango yakan zo gidan buga takardun da tambayoyin jarrabawa rubuce da hannu. Ba ya zama a kujera, sai a kan tulin takardun da ba a buɗe ba. Ya karɓi shayi babu sukari, ya ɗauki katin bikin mutanen da bai sani ba yana gyara musu rubutu. Su yi hirar yara, da ciwon gwiwa, da wanda ya mutu cikin 'yan aji. Can, ba kullum ba, kamar sau ɗaya a shekara, sai ya riƙa juya kofin shayin a hannunsa.

"Ni fa na kashe muku kofin nan, Kwalekwale. Kai da ka kawo sanda kana gaban kowa."

"Haba, malam. Ai ya wuce."

Haka yake cewa. Shekara talatin da huɗu yana yafe wa mutum laifin da shi ya aikata, har da dafa masa kafaɗa. In Ƙamus ya tafi, sai ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon gajeren mutumin nan yana tafiya a hankali a gefen titi, jakar takardu a hammata, ya ji ya tsani kansa. Zuwa la'asar aiki ya sha masa kai, abin ya lafa.

Yanzu Ƙamus ya yi wata biyar a ƙasa, ga jimlar a gabansa.

Bai ba ma'aikaciyarsa aikin ba, da kansa ya zauna gaban kwamfuta da yatsu biyu. Da ya zo shafi na biyar ya rubuta jimlar, ya zuba mata ido, sannan ya goge ta. Ya ƙara wa hoton girma kaɗan ya cike gurbin. Shafin ya yi kyau, har ya fi da. Ya ji wani sauƙi a ƙirjinsa, irin sauƙin matsoraci, ya ce ai wannan ma gyara ne. Wa zai lura da layi biyu a cikin shafi takwas?

Laraba da la'asar ya kai gwajin bugun littafin zuwa gidan marigayin. Falon yana nan yadda ya san shi: kujeru huɗu, kabad cike da littattafai, agogon bango guda uku na mahaifin Ƙamus, duka suna tafiya daidai. Matar marigayin tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, mace mai ƙarancin magana wadda ba a yi mata hanya-hanya. Ta kawo masa ruwa, suka gaisa, ta tambayi iyali.

"Ga shi, Hajiya. Ki duba in da gyara."

Ta sa tabarau, ta ɗora yatsa a layin farko. Haka ta bi shi layi-layi kamar takardar magani. Shi kuwa ya ƙura wa agogo ido. A shafi na biyar yatsan ya tsaya. Ta koma baya, ta sake dawowa.

"Baffan yara, an tsallake wani wuri."

"Eh, na ga wurin ya yi kaɗan ne. Kuma dai, taron yabo ne, Hajiya. Me za a yi da tsohon zance?"

"A rage hoton. Shi ya ce a sa." Ta cire tabarau. "Tun yana asibiti ya san za su yi irin wannan taro. Ya ce in za a yabe shi a faɗi har da wannan, kada yara su ɗauka malaminsu bai taɓa kuskure ba. Ka san shi. Kuma an ce malamin wasanninku zai zo, a keken guragu za a kawo shi. Ya ce a bari tsohon ya ji bai manta ba."

Kwalekwale ya ɗauki kofin ruwan, ya ajiye bai sha ba. Da ta yi fushi ne da ya san yadda zai lallaɓa. Amma a hankali take magana, tana kare amanar mijinta.

"Hajiya, ba zan iya buga shi ba."

"Saboda me?"

"Saboda ba haka aka yi ba."

Ya faɗa mata. Bai iya tsara maganar ba, ya fara daga tsakiya ya koma farko. Takalmin ƙarƙashin gado, allin, ƙafafunsa, tambayar da aka yi masa da amsar da ya bayar. Har ya miƙe tsaye yana nuna mata a kan shimfiɗar falon yadda ake jera ƙafa, dattijo mai furfura, dunduniya manne da yatsa, sai ya ga abin da yake yi ya koma ya zauna. Ya ce Ƙamus bai yi garaje ba. Ya tashi daidai lokacin da ya kamata, ko kaɗan bai kuskure ba.

Ta ajiye takardun a gefe. A waje wani yana ta fama da babur ɗin da ya ƙi tashi.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar."

"Tun ranar," ta maimaita. Ta ninke tabarau ɗin, ta buɗe, ta sake ninkewa. "Ka san babbar 'yarmu ta gaji ƙafarsa? Tana aji uku aka zaɓe ta gudu. Ta roƙe shi ya koya mata, ya ce shi ba abin koyi ba ne a wannan fanni, kada ta ɗauki halinsa. Ta yi kuka ta gaji, ta bari."

"Ban sani ba."

"Ba ka tambaya ba."

Ya sunkuyar da kai. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba.

"Ranar Alhamis ɗin nan da jikinsa ya yi tsanani," in ji ta, "da ya ce a kira ka. Ka tuna?"

Ya tuna. Wata biyar ke nan yana ƙoƙarin kada ya tuna.

"Numfashi yana yi masa wuya, amma sai da ya ce ka yafe masa kofin nan. Ka riƙe hannunsa ka ce ka yafe, duniya da lahira. Ina tsaye a bakin gadon. Har na ji daɗi a raina, na ce Allah ya ba mijina aboki."

"Hajiya, bakina ne ya yi nauyi. Na ga halin da yake ciki, na ce kada in tayar masa da hankali."

"Da ka tayar. Ni na yi jinyar mutane shekara talatin. Minti biyu ya ishe shi ya ji."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki takardun, ta daidaita gefensu a kan cinyarta, ta miƙa masa.

"Ka mayar da hoton yadda yake. A wurin nan ka rubuta abin da ka gaya mini, yadda ya faru, ka sa sunanka a ƙasa. Ranar Asabar kuma ba sakatare ne zai karanta shafin ba, kai ne. A gaban malaminku, a gaban ɗalibansa, a gaban 'yarsa."

"Zan yi."

"Za ka yi."

Ya karɓi takardun da hannu biyu. Ya miƙe, ya kai bakin ƙofa, ya kasa fita. Abu ɗaya ya rage masa, ya san bai cancanta ba, amma ya roƙa.

"Hajiya, don Allah ki yafe mini."

Ta dube shi, ba da ƙiyayya ba, da gajiya.

"Ba ni ka yi wa ba, Baffan yara. Wanda ka yi wa ya tafi yana gode maka."